Rami na Arba'in da Ɗaya

Ghissa ya shigo Arlit da ƙafa a shekarar farin da ya cinye dabbobin Abzin, da wuƙa a ƙugu, da busasshen jinin raƙumi a ƙarƙashin farce. Raƙuma goma sha ɗaya ubansa ya bar masa. Bakwai sun mutu da kansu. Huɗun da suka rage shi ya yanka su ɗaya bayan ɗaya a bakin wata rijiya da ta ƙafe, don ya kasa jure kukansu. Daga nan ya bi sawun manyan motoci har ya iso inda Turawa ke tona ƙasa suna fitar da uraniyom.

Kamfani ya ɗauke shi lebura. Aka ba shi takalmi mai bakin ƙarfe da hular kwano, aka ce ya cire rawani. A cikin mutanensa namiji ba ya buɗe fuska gaban baƙo, amma ya warware, ya naɗe, ya cusa cikin riga. Bayan shekara uku ya ajiye shebur ya koma wurin masu nakiya. Bayan takwas, shi ne mai fasa dutse a babban wurin haƙar da suke kira kariyar.

Aikin haka yake. A huda dutse ramuka-ramuka, layi bayan layi. Shi zai ɗura nakiya a kowane rami, ya zura igiyar wuta, ya toshe bakin da ƙasa, ya haɗa igiyoyin wuri guda. A busa jiniya sau uku, kowa ya fice, a tayar da wuta. Ƙasa ta girgiza har kwanukan mata su yi ƙara a unguwar ma'aikata. In dutsen ya zube, sai babban injin ɗiba, wanda suke kira fel, ya zo ya yi ta kwasa yana loda wa motoci. Akwai kuma wata doka da ba a rubuta ba, amma kowa ya san ta: in wani rami ya ƙi tashi, wanda ya ɗura shi ake kira ya je ya kwance shi, shi kaɗai, ko daga gadon asibiti za a ɗauko shi. Sau tara Ghissa ya yi wannan tafiya, yana rarrafe a kan fasasshen dutse, mutum ɗari suna kallonsa daga nesa, har da Turawa, babu mai tari. Waɗannan ranaku tara su ne mafi daɗi a rayuwarsa. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, kansa ma da kyar ya faɗa wa.

Kamfani ya ba shi gida ɗaki biyu da famfo. Ya auri Lalla, suka haifi ƴa, Mina. Shi ba ya cewa kamfani, sai dai kamfaninmu. Lokacin wani yajin aiki, wani makanike ya ce kamfanin ɓarayi ne, Ghissa ya cire hular kwano ya fasa masa hanci da ita. Fari na biyu ya zo, danginsa suka sauko daga duwatsu suka kafa bukkoki a bayan gari, shi yana fita musu da buhun gero yana gaya musu cewa mutumin da ya riƙe aikinsa ba ya tsoron sama ta hana ruwa.

Sai farashin uraniyom ya faɗi. Aka fara manna sunayen waɗanda aka sallama a jikin allo, duk bayan ƴan watanni. Tawaye ya ɓarke a duwatsu, hanyar Agadas ba ta biyuwa sai da rakiyar soja. A shekararsa ta goma sha tara aka tura mataimakinsa Inuwa, mutumin Damagaram, ya yi kwas a Yamai, ya dawo da takarda mai hatimi. Ghissa ne ya koya wa Inuwa yadda ake riƙe igiyar wuta. Ghissa kuwa ko sunansa ba ya iya rubutawa da boko.

Ranar Litinin shef, wato shugaban kariyar, ya kira shi, ya dafa masa kafaɗa. Ya ce ranar Alhamis Ghissa zai ɗura ramuka kamar kullum, amma Inuwa ne zai tayar da wuta, shi ne kuma zai duba bayan tashin. Ƙarshen wata Ghissa zai huta.

Alhamis da safe ya ɗura rami arba'in da biyu. Da ya zo na arba'in da ɗaya, a layin ƙarshe jikin bangon dutse, ya waiwaya. Inuwa na can nesa yana duba takarda. Ghissa ya zaro wuƙa ya yanke igiyar daga ciki, ya mayar da kan da ke waje ya binne yadda ido zai ga kamar a haɗe take. Abin da ya gaya wa kansa shi ne: za a tayar, Inuwa zai zaga ya ce duk sun tashi, sannan shi Ghissa zai matso gaban shef ya nuna da yatsa ya ce saura ɗaya. Zai rarrafa ya kwance. Sai a ga wanda ya san dutse, a ga mai takarda. Bai yi nufin kowa ya mutu ba. Haka ya gaya wa kansa, kuma a wannan safiyar kusan gaskiya ne.

Abin da bai sani ba, ƴan tawaye sun ƙona motocin dakon mai a hanya jiya da yamma. Kafin azahar aka zo da umarni cewa kada a bar ɗan Abzin ko ɗaya kusa da nakiya. Aka kira su mutum shida, aka karɓe katin aikinsu, sojoji biyu suka raka su har waje. Yana tsaye bayan ƙofa, da rawani a cikin riga, ya ji jiniya ta uku, ya ji ƙasa ta motsa a tafin ƙafarsa. Ya jira a aiko kiransa. Ya jira har la'asar.

Babu wanda ya lura. Ramin na nan kwance da nakiyarsa ƙarƙashin tulin dutse, kuma ranar da haƙorin fel ya same shi, wanda ke cikin injin ba za a sami abin wankewa ba. Ghissa ya san saurin fel kamar yadda ya san tafiyarsa. Kwana biyar, in an daɗe shida. Mutum biyu ke tuƙa shi. Na safe Hamadi ne, taubashinsa, ɗan kawunsa. Na yamma wani Bakatsine ne, Lawan, da ko gaisuwa mai tsawo ba su taɓa yi ba.

Juma'a ya wuni yana fasa kaya. Ya fara da rediyon da kamfani ya ba shi a shekara ta goma, ya buga shi da bango har batiran suka gangara ƙarƙashin gado. Ya ɗauko lambar yabo ta shekara goma sha biyar ya daka ta da taɓarya. Akuyar Lalla ta leƙo, ya harbe ta da takalmin ƙarfe, ta faɗi tana shure-shure, dole ya yanka ta. Lalla na zaune bakin ƙofa, ta aika Mina gidan maƙwabta.

"In ka gama da akuya, ga turmi nan," in ji ta. "Shi ma bai yi maka komai ba."

Asabar ya naɗa rawani ya tafi ƙofar kamfani. Wani soja siriri mai jan ido ya tare shi da bakin bindiga.

"Kai Buzu, ina zuwa?"

"Wurin shef. Ma'aikaci ne ni."

"Kati."

"Sun karɓa shekaranjiya."

"To ma'aikacin uban wa kake?"

"Shekara goma sha tara ina shiga ƙofar nan. Kai ba a yi maka kaciya ba lokacin."

Gindin bindiga ya same shi a haƙarƙari. Da ya durƙusa, sojan ya kama rawanin ya fizge, ya nannaɗe a hannu yana ja kamar mai jan ɗan akuya, sauran suna dariya.

"Faɗi saƙon, ni zan kai wa shef."

Kalmar tana bakinsa. Amma makon jiya ne aka ɗauke wani direba ɗan Abzin saboda an ga naɗin waya a motarsa, har yau matarsa tana zaune ƙofar bariki ba ta ga ko takalminsa ba. Wancan waya ce kawai. Shi kuwa nakiya ya taɓa da wuƙa, kwana ɗaya bayan an ƙona motoci. Ya haɗiye, ya tattara rawaninsa daga ƙasa, ya koma gida.

Lahadi ya sami Inuwa a kasuwa, wurin mai tsire, da sabuwar riga. Inuwa ya miƙe da sauri, ya rusuna kaɗan.

"Maigida, sannu. Wallahi ina ta son in zo gida, kunya ce ta hana ni. Zauna ka ci."

"Ka duba layin baya?"

"Wane?"

"Na jikin bango. Ka taka shi da ƙafarka, ko daga nesa ka leƙa?"

"Na duba, maigida. Na sa hannu, shef ya sa hannu."

"Hannu. Dutse ya san hannunka ne? Ka koma ka sake dubawa."

Mutane sun fara juyowa. Inuwa ya ga ana kallonsa, sai ya yi ƴar dariya, irin ta wanda yake son kasuwa ta san ba yaron kowa ba ne yanzu.

"Haba tsoho, ka huta mana. Kai ka ɗura su, ko ba ka yarda da hannunka ba ne? Dutse na fashewa ko babu kai, ka ji da kunnenka."

Ghissa bai san lokacin da ya ɗauki katakon da mai tsire ke sara nama a kai ba. Bugun farko ya karya wa Inuwa muƙamuƙi. Ya hau kansa ya yi ta naushi, haƙora biyu suka faɗo cikin toka, sai da mahauta uku suka ɗaga shi. Inuwa bai kai ƙara ba, ya ce faɗuwa ya yi daga babur. Amma gari ya ji, kuma daga ranar duk abin da Ghissa zai ce game da kariyar, barazanar korarren Buzu ce.

A hanyar gida ya kama kansa yana lissafi. In fel ya ci gaba da saurin da ya saba, layin baya zai faɗo Laraba. Da safe ko da yamma? Ya ƙirga motoci, ya ƙirga lokacin cin abinci, ya ƙara lokacin da ake ɓatawa wurin shan mai, ya ga yana turo lissafin da gangan zuwa yamma, zuwa Bakatsine. Can ƙasan wannan kuma akwai wani tunani da ya fi muni, ya gan shi sarai: in abin ya tashi, za a ce kwana shida da sallamar Ghissa aka kashe mutum. Za a ce da Ghissa na nan da ba a yi ba.

Talata bayan azahar Hamadi ya shigo da curin sukari da ganyen shayi, yana sanye da kayan aiki. Ƙato ne mai dariya, kuma tsakanin taubasai babu kunya, zagi ne gaisuwarsu.

"Ina bawana? Lalla, an ce mijinki ya buɗe sabon aiki, cire haƙori kyauta a kasuwa."

"Shigo ka zauna, ɓarawon jakai," in ji Ghissa.

Lalla ta kawo garwashi da tire, ta koma ciki. Hamadi ya baje a kan siminti, ya dogara da hannun dama, Ghissa ya ɗauki gudumar tagulla ya fara fasa sukari.

"Ina kuka kai?"

"Kai da aka kora, me ya dame ka? Mun cinye layi uku. Gobe da safe zan shiga jikin bango. Dutsen ya fashe da kyau, ka san. Ɗan Damagaram ya fi ka hannu."

"Kada ka je gobe."

"Don me?"

"Ka ce ba ka da lafiya."

Hamadi ya yi dariya har rawaninsa ya zame. "A wannan zamanin? Wanda ya yi atishawa ma sunansa na hawa allo. Ƴaƴana bakwai, tsoho. So kake in zo mu zauna tare muna harbin awaki?"

"Na yi mafarki."

"Ka ci naman akuyar da ka kashe, dole ka yi mafarki. Zuba sukari, ka yi rowa."

Ghissa ya dubi hannun da ke shimfiɗe a kan siminti, yatsu a buɗe, da tabon man inji a gaɓoɓi. Magana guda za ta isa. Ya san Hamadi: zai tashi nan take ya tafi wurin shef, don ba zai bar Lawan ya shiga ba, kuma shef zai tambayi wanda ya gaya masa. Ya ɗaga gudumar ya sauke a bayan hannun. Sau uku. A na biyu ya ji ƙashin ya tafi.

Hamadi bai yi ihu ba da farko. Ya dubi hannun, ya dubi Ghissa, kamar yana jiran a gaya masa inda wasan yake. Sannan ya kife yana gurnani, butar shayi ta zube cikin garwashi. Maƙwabta suka shigo suka ɗauke shi zuwa asibitin kamfani.

Da gida ya yi shiru, Lalla ta fito. Shekara goma sha shida tana jin tashin dutse daga madafa, tana kuma karanta fuskar mijinta in ya dawo.

"Me ka bari a kariyar, baban Mina?"

Ya sunkuya yana tsince sukari daga kan siminti.

"Ka tambayi Inuwa layin baya, duk kasuwa ta ji. Yau ka hana Hamadi zuwa gobe. Ni ba jaka ba ce." Ta durƙusa ta ɗauki gudumar, ta goge jinin da gefen zane. "Wa zai hau injin da safe?"

"Lawan."

"Shi ba shi da taubashin da zai karya masa hannu."

"Za su kashe ni, Lalla."

"Wataƙila. In ka zauna kuma, ni zan kwance kayana in ɗauki ƴata in koma wurin uwata, in gaya wa kowace mace a hanya dalili. Ba don Bakatsine ba, ban san shi ba. Don ba zan kwana kusa da mutumin da ke jiran ya ji ƙara ba. Na ga kunnenka tun ranar Alhamis."

Laraba da hantsi motar ma'aikata ta fito daga unguwa cike da masu hular kwano, motar soja na biye da ita. Ghissa ya shiga tsakiyar hanya ya tsaya. Direba ya danna oda, ya taka birki, motar ta tsaya har ƙarfen gabanta ya taɓa ƙirjinsa. Ya zagaya gefen tagogi yana dukan jikin motar da tafin hannu.

"Ina Lawan? Lawan na Katsina."

Wani baƙi mai furfura a gemu ya leƙo, da goro a baki. "Ga ni, malam. Lafiya?"

"Kada ka taɓa layin bango. Na biyu daga ƙarshe, hannun hagu in ka fuskanci gabas. Bai tashi ba, cike yake."

"Ya aka yi ka sani?"

"Ni na yanke igiyar."

Ya faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji, ya kuma maimaita, don kada wani ya ce daga baya ba a gane ba. Lawan ya daina tauna goron. Sojoji sun riga sun diro. Siririn nan mai jan ido ne ya fara isowa. Suka kayar da shi a kan kwalta, suka yi ta taka shi da takalmi, wani ya buga masa gindin bindiga a kunne har jini ya fito, suka ɗaure shi da rawaninsa suka jefa bayan mota. Ma'aikata kusan hamsin na kallo ta taga. Babu wanda ya sauko.

An rufe kariyar kwana biyu. An sami ramin inda ya ce. Lawan ya ajiye aiki a ƙarshen watan, ya koma garinsu ya buɗe injin niƙa.

Wata goma sha huɗu Ghissa ya yi a tsare. Sojoji suna son sunayen waɗanda suka aiko shi daga duwatsu, shi kuma ba shi da suna ko ɗaya da zai bayar. Ya gaya musu gaskiya sau da yawa, gaskiyar ta fi kowace ƙarya ba su haushi. Ya fito da kunne ɗaya a mace, da ƙafar da ba ta miƙewa. An daɗe da karɓe gidan. Ya sami Lalla da Mina a bukkoki bayan gari, cikin ɗakin da aka haɗa da tsofaffin durom da kwali. Ya sami kura ya riƙa tura jarkokin ruwa gida-gida, aikin da ya yi har ƙarfinsa ya ƙare.

Hannun Hamadi bai warke daidai ba. Yatsu uku sun ƙage, ba sa riƙe sandar inji, sunansa ya hau allo tun Ghissa na tsare. Yana sayar da dabino da taba a bakin tasha. Ghissa ya yi wata biyu yana zagaye tashar da kurarsa ta doguwar hanya. Wata rana da zafi ya yi yawa, ƙafar ta ƙi, ya bi ta gajeriyar.

Hamadi ya gan shi. Ya matsa gefe a kan benci, Ghissa ya zauna. Suka gaisa doguwar gaisuwa, gida, iyali, gajiya, zafi. Wata mata ta sayi dabino, Hamadi ya auna da hannun hagu, ya ƙulle ledar da haƙori.

"Abu ɗaya nake son sani," in ji shi, yana magana ta gefen kunnen da ke ji. "Me ya hana ka gaya mini kawai?"

"Da na gaya maka, da ka kai ni wurin shef."

Hamadi ya dubi wata motar Tamanrasset da ake lodawa.

"Da na kai ka," ya ce. "Ko shayin ba zan tsaya sha ba."

"To."

"Kuma ga shi ka kai kanka washegari. Da ka ajiye tsoronka kwana ɗaya kafin nan, da ina da hannu."

Ghissa ya ce haka ne. Ya ɗan ƙara zama, sannan ya tashi, don akwai gidaje huɗu da ke jiran ruwa.